Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Matasan Da Suka Karanta Tsara Birane: Kada Ku Guji Teburin Ƙaramar Hukuma

Zuwa ga ƙannena da 'ya'yana da suka kammala karatun tsara birane, da waɗanda ke dab da kammalawa.

Assalamu alaikum.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da wata ɗaliba ta faɗa mini kwanakin baya, ranar da aka gayyace ni in yi wa 'yan ajin ƙarshe jawabi. Bayan an tashi ta tare ni a bakin ƙofa, ta gaishe ni cikin ladabi, sannan ta ce, "Baba, ni kam in Allah ya yarda ba zan yi aiki a ƙaramar hukuma ba. Can ai binne mutum ake yi da ransa." Na tambaye ta ina take son zuwa. Ta ce kamfanin masu ba da shawara, ko wata ƙungiya ta ƙasa da ƙasa, inda akwai kayan aiki da albashin da zai riƙe mutum. Ban yi mata musu ba a lokacin, domin rabin maganarta gaskiya ne, kuma bakin ƙofa ba wurin warware ɗaya rabin ba ne. Shi ya sa na zauna na rubuto muku, ita da ku baki ɗaya.

Na yi shekara 30 da 'yan kai a wannan aiki, mafi yawansu a teburin tsara gari na ƙaramar hukuma, don haka ba zan yi muku romon baka ba. Za ku tarar da ofis mai ƙarancin kayan aiki. Za ku tarar da taswirar da aka zana tun kafin a haife ku, ta yi ja ta yayyage, garin kuwa ya daɗe da fita daga cikinta. Za ku haɗu da ma'aikatan da suka riga suka sallama, su sa hannu a rajista da safe su ɓace. Albashinku ba zai kai na abokanku da suka tafi kamfani ba. Duk wannan haka yake.

Abin da 'yata ba ta gani ba shi ne abin da ke bi ta kan wannan teburin kullum. Faɗin titin unguwar da ko tubali ɗaya ba a aza mata ba tukuna, a nan ake yanke shi. Inda ruwan sama zai bi in ya sauka, da ko za a bar filin makaranta ko za a yayyanka shi fuloti-fuloti, da ko motar kashe gobara za ta iya shiga layi ta juya, duk a nan ne. Kamfani zai zana babban tsarin gari mai launi-launi, a yi bikin miƙa shi, ya karɓi kuɗinsa ya wuce wani garin. Ranar da mai kuɗi ya zo neman izinin gini a kan hanyar ruwa, ba kamfanin ne zai tsaya a gabansa ba, wannan ma'aikacin da ake rainawa ne. In babu shi, tsarin ya zama takarda a cikin kabad. Na ga irinsu da dama, ƙura ta rufe su, wasu ko buɗe su ba a taɓa yi ba tun ranar bikin.

Ku tuna daga inda sana'armu ta taso. A shekarar 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 600. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, ya ɗiga kowace mutuwa a kan taswira, sai ga su sun yi cincirindo a kewayen famfo ɗaya da ke titin Broad. Ba majalisar dokokin ƙasa ya nufa da wannan labari ba. Hukumar da ke kula da wannan ɗan yanki ya je ya samu, ita ce ta sa aka cire hannun famfon. Sai bayan shekara 55, a 1909, Jami'ar Libaful da ke Ingila ta buɗe sashen koyar da tsara gari. Ke nan aikin ya girmi digirin, kuma tun ranar farko abubuwa uku ne jarinsa: mutum ya taka da ƙafarsa, ya rubuta abin da ya gani, ya sami ƙaramar hukumar da za ta iya yin wani abu a kai gobe da safe.

Babban abin da nake so ku riƙe shi ne maganar lokaci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke zaune, kuma zuwa 2050 za su kai kashi 68. Ƙarin mutum biliyan 2.5 ke nan, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin a Asiya da Afirka. Waɗannan mutane ba tsakiyar gari za su sauka ba, tsakiyar gari ta cika. Gefen gari za su sauka, inda yau gona ce ko daji. Wannan gefen kuwa kusan ko'ina a hannun ƙaramar hukuma yake, kuma kusan ko'ina babu mai kallonsa sai dillalan filaye.

Tun ran gini ran zane. Titin da za ku keɓe a cikin gona yau, kuɗin awo da turaku kawai zai ci. Wannan titin, in an bari sai da gidaje suka tashi, sai da rusau da diyya da shari'a da kukan mata da yara, kuma sau da yawa ba ya yiwuwa sam. A 1811 aka shata wa tsibirin Manhattan na New York manyan tituna 12 da masu ratsa su 155, a lokacin da mafi yawan wurin gonaki ne da duwatsu. Safiyon da ya yi awon, John Randel, ya kwashe shekaru yana kafa alamomi a mahaɗar titunan da babu su sai a takarda. Masu gonaki suna tumɓuke turakunsa, suna sakar masa karnuka, har kama shi an sha yi da laifin shiga gonar mutane. Ya ci gaba. Titunan nan su ne ake bi har yau. A Basalona ta ƙasar Sifen kuma injiniya Ildefons Cerdà ya tsara faɗaɗa birnin a 1859, bayan ya yi bincike kan irin ƙuncin da ma'aikata ke rayuwa a ciki. Ya ba tituna faɗin mita 20, ya yanke kusurwar kowane rukunin gidaje don mahaɗa ta sami sarari, ya bar lambu a tsakiyar rukunin don iska da hasken rana. Titunan sun tsira. Lambunan kuwa, masu filaye suka yi ta gina su kaɗan-kaɗan har yawancinsu suka ɓace, domin abin da ke gefen titi kowa na gani, abin da ke bayan katanga sai in akwai ma'aikacin da ya ɗauke shi a matsayin nasa. Zanen Cerdà ba shi da laifi. Masu tsaronsa ne suka yi ƙaranci.

Na ga wannan da idona sau biyu, sau ɗaya na yi nasara, sau ɗaya aka kayar da ni.

Wanda aka kayar da ni shi ne ya fi zama a raina. Wasu gonaki ne a bakin gari aka fara yankawa ana sayarwa. Na rubuta takarda sau uku ina neman ɗan kuɗin da za mu auna hanyoyi mu kafa turaku kafin damina, na nuna inda ruwa ke bi da inda ya kamata a bar wa makaranta da asibiti. Aka ce babu kuɗi a kasafin bana, a jira baɗi. Baɗin bai zo ba sai da dillalai suka gama. Bayan wasu shekaru na koma unguwar ranar da gobara ta tashi a wani gida. Motar kashe gobara tana tsaye a bakin babban titi, ba ta da hanyar shiga, samari suna miƙa bokiti hannu da hannu a lungun da mutum biyu ba sa iya jerawa. Gidan ya ƙone ƙurmus. Na tsaya a wurin ina tuna faɗin da na rubuta wa wannan layin a takardata.

Ɗaya kuwa wani fili ne da muka samu muka keɓe a wata sabuwar unguwa. Muka kafa masa turakun siminti, muka shuka itatuwa a kewayensa, muka tara dattawan unguwa da matasa muka nuna musu iyakarsa da abin da aka ajiye shi dominsa, muka bar musu kwafin taswirar. Ya yi shekara da shekaru babu komai a kansa sai yara masu ƙwallo. Shugabanni suka zo suka wuce, kusan kowanne sai an kawo masa maganar a yanka shi. Abin da ya tsare shi shi ne duk ranar da aka ga baƙo da igiyar awo, kafin azahar mutanen unguwa sun cika ofishinmu da kwafinsu a hannu. Yau makarantar firamare ce da ƙaramin asibiti a wurin. Babu allon da ke ɗauke da sunan kowa daga cikinmu, amma duk sanda na wuce na ji hayaniyar yaran, raina yana yin fari.

Sai maganar sa hannu, wadda ba a cika koya muku a aji ba. Sa hannunku a kan izinin gini abu ne mai tsada, kuma ba za ku yi wata shida ba sai an taya shi. Da wuya a fara da ambulan. Da gaisuwa ake farawa, da "ai ɗan gida ne", da "daga sama aka ce a duba masa". Ranar da kuka wuce da fayil ɗaya ba tare da kun je wurin ba, labari ya bazu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku san abin da ke bayan wannan takarda. A watan Agustan 2017 guguwar Harvey ta sauke ruwa a kan birnin Houston na Amurka, dubban gidaje suka nutse a bayan madatsun Addicks da Barker. An gina gidajen ne a cikin kwarin da tun asali aka tanada don ruwa ya taru in madatsun sun cika, da izini, da takardu cikakku, kuma da yawa daga masu gidajen ba su san inda suka saya ba. A Turkiyya an yi wa gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba afuwa a 2018, mai gida ya biya kuɗi a ba shi takarda. Girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 ta kashe mutum fiye da 50,000 a ƙasar, kuma takardar ba ta riƙe ginshiƙi ko ɗaya ba.

Ga abin da ya taimake ni. Kada ku sa hannu a kan filin da ba ku taka ba. In za ku ƙi, ku rubuta dalilinku a cikin fayil, da sashen dokar da kuka dogara da shi da kwanan wata, ku ajiye kwafi. In an ba ku umarni da baki, ku roƙa cikin girmamawa a rubuto shi, za ku ga rabin irin wannan umarni ya mutu a nan. Kada ku buɗe shagon zanen gini a gefe kuna amincewa da zanenku da kanku, domin daga ranar bakinku ya rufu. Kuma kada ku tsaya ku kaɗai. Ku yi rajista da ƙungiyar ƙwararru ta sana'ar, ku nemi injiniya da safiyo da jami'in lafiyar muhalli masu irin zuciyarku, ku zama tsintsiya. Za a iya ɗauke ku a jefa wani lungu saboda kun ƙi. An yi mini. Akwai ma inda abin ya wuce haka. Perween Rahman, mai zanen gine-gine da ta jagoranci aikin raya unguwar Orangi a birnin Karachi na Pakistan, tana tattara bayanan ƙauyukan gefen birnin da masu wawurar filaye suka sa wa ido, aka harbe ta a kan hanyarta ta komawa gida a watan Maris na 2013. Na kawo sunanta ne don ku san nauyin abin da taswira ke ɗauke da shi, ku shiga aikin ido buɗe.

Tunda na ambaci Orangi, bari in daɗe a nan, domin nan ne ɗaya rabin sana'ar yake, wato raya al'umma, rabin da yawancinmu muke fita makaranta ba mu iya ba. Wani masanin raya al'umma mai suna Akhtar Hameed Khan ya fara wannan aiki a 1980 a unguwar talakawa mai girman gaske wadda ba ta da magudanar ƙazanta. Bai zo da kuɗi ya raba ba. Ya daɗe yana yawo yana sauraro, har ya gane mutanen da suka gina gidajensu da hannunsu za su iya gina magudanar layinsu, abin da ya tsare su shi ne tsadar 'yan kwangila da rashin mai yi musu awo. Sai aka mai da layi ɗaya ya zama tushen aiki. Mazauna layi su zaɓi mutum daga cikinsu, su haɗa kuɗinsu, su haƙa, su shimfiɗa bututu. Ma'aikatan shirin su yi musu awo da zane da lissafin kaya, su ba su aron kayan aiki. Babbar magudanar da ƙananan ke zuba a ciki kuwa, wannan haƙƙin hukuma ne. Layi ya ga na maƙwabcinsa ya bushe ya daina wari, shi ma ya tashi.

Ku ɗora wannan kusa da rukunin gidajen Pruitt-Igoe a birnin St. Louis na Amurka. Benaye 33 ne, kowanne hawa 11, ƙwararru suka zana, aka fara shiga a 1954. Lif ɗin ba ya tsayawa a kowane hawa. Kuɗin gyara kuma an ɗora shi a kan hayar da talakawa za su biya, da mutane suka fara barin wurin sai kuɗin ya ragu, gyara ya tsaya, wasu suka ƙara tashi. A 1972 aka fara rushe su da nakiya, ba su cika shekara 20 ba. A can kuɗi da ilimi sun wadata. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tambayi masu shiga yadda suke rayuwa, da wanda zai tambayi wa zai gyara famfo bayan an yanke ƙyalle an watse.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai ku lura, jin ta bakin jama'a ma sana'a ce, ba a iya ta da kyakkyawar niyya kawai. Taron da aka kira da hantsi a zauren hukuma, masu hali da masu baki ne za su cika shi. Lebura yana wurin aiki, mai talla tana kasuwa, gurgu ba zai iya hawa matakalar ba, ɗan haya kuwa yana ganin maganar ba tasa ba ce. In kuka rubuta abin da aka faɗa a wannan zaure kuka kira shi ra'ayin unguwa, kun yaudari kanku. Ku je inda suke a lokacin da suke da sarari. Ku zauna da mata daban, domin su suka san inda ake ɗiban ruwa, da hanyar da yarinya ba ta iya bi in duhu ya yi. Ku bar turancin aji a ofis. Kada ku yi alkawarin abin da babu shi a kasafi, kuma ku koma ku faɗa musu abin da aka yi da maganarsu ko da amsar ita ce ba a samu ba. Birnin Porto Alegre na Birazil ya kai wannan matuƙa a 1989, aka raba shi yanki 16, mazauna kowane yanki su taru su jera abin da suka fi buƙata, a ɗora wani ɓangare na kuɗin ayyuka a kan wannan jerin. Unguwannin gefe da aka daɗe da mantawa, ruwa da magudana da kwalta suka fara nema.

Wannan ya kawo ni kan kasafin kuɗi, kuma a taƙaice zan faɗa. Ku koye shi kamar yadda kuka koyi manhajar taswira. Ku san watan da ake haɗa shi, da wanda ke riƙe da alƙalamin, da yadda ake rubuta takarda mai shafi ɗaya wadda kansila zai karanta ya fahimta. Da na san wannan da wuri, da wataƙila layin da na ba ku labari ya sami faɗinsa.

Ciyaman da kansiloli ba abokan gabarku ba ne. Jama'a suka zaɓe su, kuma wa'adinsu gajere ne, suna son abin da za su nuna kafin ya ƙare. Naku aikin kuwa sai bayan shekara 15 ko 20 yake nuna fuska. Ku riƙa ajiye ƙananan ayyukan da za a iya gamawa cikin wata uku, kwalbati ko fitilun kasuwa ko gyaran mahaɗa, waɗanda kowannensu tubali ne a cikin babban tsarin. Ciyaman ya sami abin nunawa, gari ya matsa taku ɗaya. Birnin Kuritiba na Birazil ya yi suna da motocin bas masu hanyarsu ta daban tun 1974, har Bogota, babban birnin Kolombiya, ta ɗauki darasi ta buɗe nata a 2000. Ana yawan ambaton magajin garin Kuritiba, Jaime Lerner, wanda ya hau a 1971, kuma ya cancanta. Amma shi kansa daga cibiyar bincike da tsara birnin ya fito, wadda aka kafa a 1965, inda ma'aikata suka zauna shekara da shekaru suna riƙe da tsari ɗaya: dogayen gine-gine a gefen hanyar bas, gajeru a nesa da ita. Magajin gari ya zo ya tafi, su suna nan. Zamansu ne ya gina birnin.

Ban ce kowa sai ya yi ritaya a ƙaramar hukuma ba. Wanda nauyin iyali ya sa ya tafi kamfani, ba ni da ta cewa, kuma akwai abin koyo a can. Roƙona shi ne a cikin kowane aji a sami waɗanda za su zaɓi wannan teburin da gangan, masu ƙoƙarin ajin, ba waɗanda suka rasa wurin zuwa ba, su kuma ba shi aƙalla shekara 10, domin kafin nan mutum bai gama sanin inda ruwa ke bi a garinsa ba.

Ke kuma 'yata da kika tare ni a bakin ƙofa, in wannan takarda ta riske ki, ina neman alfarma ɗaya kafin ki aika takardar neman aiki ko'ina. Ki jira ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ki ɗauki littafi ki zagaya gefen garin da kike, inda ake yanka sababbin filaye, ki rubuta abin da kika gani. Washegari ki shiga ofishin tsara gari na ƙaramar hukumar, ki nemi a nuna miki taswirar wannan wurin, ki tambayi shekarar da aka sabunta ta da wanda ke riƙe da ita. Daga nan ki yanke shawararki.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin tsara gari